Injin gas ko famfon zafi: wanne ya dace da gida a garin da sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifili?

Baban Khalifa (Winifeg, Kanada):
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a ƙasashen sanyi. Injin gas da ke ɗumama mana gida ya haura shekara 20, kuma mai gyaran da ya duba shi a farkon kaka ya ce tsatsa ta fara cin ƙarfen da ke raba hayaƙin wuta da iskar da muke shaƙa, don haka gara a sauya shi kafin hunturu ya kankama. Kamfanoni biyu sun kawo mini farashi. Na farko ya ce a sa sabon injin gas wanda ya fi tsohon girma, a haɗa da na'urar sanyaya gida domin bazara. Na biyu ya ce a sa famfon zafi, wanda ke ɗumamawa da hunturu kuma ya sanyaya da bazara, tare da ƙaramin injin gas da zai karɓi aiki idan sanyi ya tsananta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda na'urar da ke tsaye a waje cikin dusar ƙanƙara za ta samo zafin da za ta kawo cikin gida.

Alhaji Babba (Edmonton, Kanada):
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Shawarata ita ce ka tsaya a kan gas. A garuruwan da muke zaune, injin ɗumi ba kayan jin daɗi ba ne, abu ne da ran iyali ya rataya a kansa, kuma ba a gwaji da irin wannan. A watan Janairun 2024, lokacin da sanyi ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili a nan lardin Alberta, sai da hukuma ta aiko da saƙon gaggawa ta wayoyinmu tana roƙon jama'a su rage amfani da lantarki, domin abin da ake ja ya kusa fin ƙarfin abin da ake samarwa. Idan da a ce dukkan gidajen lardin da lantarki suke ɗumi a wannan dare, ban ga yadda za a kwana lafiya ba. Gas yana da araha, masu gyaransa suna ko'ina, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu.

Ɗalibi (Oslo, Norway):
Baba Alhaji, ina neman afuwa, amma ina da ja a kan wannan. A nan Norway fiye da rabin gidaje suna da famfon zafi, haka kuma Suwidin da Finlan suna sahun gaba a duk Turai wajen amfani da shi, kuma babu wanda zai ce waɗannan ba ƙasashen sanyi ba ne. Ko a Amurka, jihar Maine ta ƙudiri aniyar girka guda 100,000 zuwa 2025, ta kuma cim ma adadin tun a 2023. Da na'urar ba ta jure sanyi, da mutanen waɗannan wurare ne farkon waɗanda za su yi watsi da ita.

Alhaji Babba (Edmonton, Kanada):
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma sanyi suna ya tara. Teku tana sassauta wa yawancin garuruwan Norway hunturunsu. Matsakaicin yanayin Oslo a watan Janairu bai wuce 'yan digiri kaɗan ƙasa da sifili ba, alhali na Winifeg yana wajen 16 ƙasa da sifili, kuma darare masu kai 30 ba baƙon abu ba ne a can. Abin da ya wadatar da kai ba lalle ne ya wadatar da Baban Khalifa ba.

Injiniya (Toronto, Kanada):
Assalamu alaikum. Wannan shi ne fannin da nake aiki a cikinsa, don haka zan ɗan tsawaita, ku yi mini haƙuri.

Zan fara da tambayar Baban Khalifa. Famfon zafi ba ya ƙirƙirar zafi, ɗebo shi yake yi daga wani wuri ya kai wani. Duk wanda ya taɓa ɗora hannunsa a bayan firiji ya ji ɗumi, kuma wannan ɗumin daga cikin firijin aka zaro shi aka watsar a ɗaki. Famfon zafi haka yake aiki, sai dai shi daga iskar waje yake zarowa ya zuba a cikin gida, kuma da bazara wani bawul yana juya masa hanya ya riƙa fitar da zafin gida waje. Sinadarin da ke zagayawa a cikin bututunsa yana tafasa a wajen digiri 50 ƙasa da sifili idan ba a matse shi ba, saboda haka iskar da ke kan digiri 20 ƙasa da sifili tana da ɗumin da zai iya tsotsa. Daga nan kwamfireso ya matse tururin har ya yi zafi sosai, fanka ta hura iskar gida a kansa.

Amfanin wannan dabara shi ne, idan sanyi bai tsananta ba, kowane kilowat ɗaya na lantarki da aka ba na'urar yana kawo kilowat uku na zafi ko fiye, alhali hitar lantarki ta yau da kullum ɗaya take mayarwa da ɗaya. To amma maganar Alhaji tana da tushe: gwargwadon yadda sanyin waje ke ƙaruwa, gwargwadon yadda wannan riba ke raguwa, kuma a daidai lokacin ne gida ya fi buƙatar zafi. Nau'in da aka ƙera musamman domin ƙasashen sanyi yana ci gaba da aiki har zuwa digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili, sai dai a wannan mataki ribar takan sauka ƙasa da biyu. Don haka a Winifeg ba zan taɓa ba mai iyali shawarar ya dogara da famfon zafi mai ɗiba daga iska shi kaɗai ba. Dole ne a sami abin da zai tallafa masa, ko gas ko hitar lantarki da ke cikin bututun iska.

Maganar kuɗi kuma tana da lissafi mai sauƙi wanda kowa zai iya yi da takardun biyan kuɗinsa. Kubik mita ɗaya na gas yana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan kilowat-awa 10 da rabi, kuma sabon injin da ke cin moriyar kashi 95 cikin 100 na gas ɗinsa zai ba ka kusan kilowat-awa 10 na zafi daga ciki. Famfon zafi mai ribar biyu da rabi yana buƙatar kilowat-awa 4 na lantarki kafin ya ba da wannan adadi. Sai ka kwatanta kuɗin kubik mita ɗaya na gas da kuɗin kilowat-awa 4 na lantarki a garinku, ka ga wanda ya fi sauƙi. Amsar Manitoba, inda kusan duk lantarkin daga madatsun ruwa yake, ba lalle ne ta zama amsar Alberta ba, inda gas ke da araha kuma yawancin lantarkin ma da gas ake samar da shi.

Amma abin da ya fi damuna a bayaninka, Baban Khalifa, ba zaɓin na'ura ba ne. Wane dalili kamfanin farko ya bayar na cewa a sa wanda ya fi tsohon girma? Shin akwai wanda ya auna gidan a cikinsu?

Baban Khalifa (Winifeg, Kanada):
Na gode ƙwarai, Injiniya. Babu wanda ya auna komai. Na farkon ya duba lambar da ke jikin tsohon injin, ya tambayi faɗin gidan, sannan ya ce a ƙara kaɗan domin kwanciyar hankali. Na biyun ya zagaya ɗakuna, ya leƙa tagogi, amma ban ga ya rubuta wani lissafi ba.

Injiniya (Toronto, Kanada):
To a nan matsalar take, kuma ita ce mafi yawan abin da nake tararwa a gidajen mutane. Girman injin ba daga tsohon injin ake karanta shi ba, daga yawan zafin da gidan ke zubarwa a daren da ya fi sanyi ake lissafa shi. A Kanada akwai ƙa'idar wannan lissafi mai suna CSA F280, a Amurka kuma Manual J, kuma dukkansu suna duba faɗin bango da rufi, kaurin abin tare sanyi da ke cikinsu, irin gilashin tagogi da fuskar da suke kallo, da yawan iskar da ke kutsowa ta kafofi. Tsofaffin injina da yawa tun asali an sa su fiye da buƙatar gida, kuma tsohon naka yana iya barin kashi 20 na zafin gas ɗinsa ya fice ta bututun hayaƙi, abin da sabon ba zai yi ba. Ƙara girma a kan wannan kuskure ne a kan kuskure.

Injin da ya yi wa gida yawa yakan kunna ya hura zafi mai ƙarfi na 'yan mintoci, ya mutu, ya sake kunnawa. Ɗakunan da ke nesa ba sa samun rabonsu, ƙara ta yi yawa, kayan cikinsa su gaji da wuri. Na'urar sanyaya gida ma haka take: idan ta yi girma tana sanyaya iska kafin ta gama cire laimar da ke cikinta, sai gida ya yi sanyi mai danƙo. Ka nemi a ba ka lissafin a rubuce, kuma kamfanin da ya ƙi yi, ka nemi wani. Idan da hali, ka fara kiran masu duba ingancin gida, waɗanda ke kafa babbar fanka a ƙofa su auna inda iska ke shiga. Toshe kafofi da ƙara abin tare sanyi a saman silin sau da yawa yana rage girman injin da za a saya, kuma wannan aikin yana nan ko bayan injin ya tsufa an sauya shi.

Ɗan Damagaram (Montreal, Kanada):
Ina gaida dattawa. Abin da kamfani na biyu ya kawo wa Baban Khalifa sananne ne a nan Kebek. Kamfanin lantarkin lardin yana da farashi na musamman ga gidajen da ke da hanyoyin ɗumi biyu: lantarki yana aiki a yawancin kwanaki da rangwame, idan kuma sanyin waje ya sauka ƙasa da digiri 12 ƙarƙashin sifili, ko 15 a wasu yankuna, sai na'ura ta mayar da gidan kan gas ko mai da kanta. Wannan ya amsa damuwar Alhaji, domin a daren da layukan wuta suka fi ɗaukar nauyi, gidan ba ya kansu.

Sai dai ina so in tuna mana abu ɗaya. Mutanen nan ba su manta da ruwan ƙanƙarar Janairun 1998 ba, wanda ya karya turakun wuta ya bar miliyoyin mutane cikin duhu, wasu har na makonni. Injin gas ma ba ya aiki idan an ɗauke wuta, domin fankarsa da abin kunna shi da allon sarrafa shi duk lantarki suke sha. Kada mai gas ya ɗauka ya tsira daga wannan.

Hajiya (Miniyafolis, Amurka):
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma maganar Ɗan Damagaram ce ta sa na ga ya zama dole in sa baki, domin ni ma'aikaciyar jinya ce kuma na san abin da ake kawo mana idan wuta ta ɗauke cikin hunturu. Mun taso muna ganin ana shigar da kaskon garwashi ɗaki a lokacin sanyi, kuma ko a gida ana rasa rayuka ta haka, duk da cewa ɗakunanmu suna shan iska ta ƙofa da taga. Gidajen nan an gina su ne a rufe ruf domin kada zafi ya fita, don haka hayaƙin ma ba shi da hanyar fita. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mutum ya zaci mura ce ya kwanta. Alamar da nake so kowa ya riƙe ita ce, idan mutanen gida da yawa suka kamu da ciwon kai a lokaci ɗaya, kuma suka ji sauƙi da sun fita waje, to a fice gaba ɗaya a kira 'yan kwana-kwana.

A guguwar sanyin da ta faɗa wa jihar Teksas a Fabrairun 2021, mutane fiye da 200 suka rasu, kuma cikinsu akwai waɗanda suka tayar da mota a cikin gareji ko suka shigar da janareta da gawayi cikin gida domin su ji ɗumi. A Janairun 2022 kuma, gobarar da hitar lantarki ta haddasa a wani dogon bene a unguwar Bronx ta birnin New York ta ci rayuka 17, mafi yawansu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Hitar hannu a soket na bango kai-tsaye ake sa ta, ba a kan wayar ƙari ba, a nisanta ta da labule da katifa da aƙalla mita ɗaya, kuma a kashe ta kafin barci.

Baban Khalifa, ƙanena, tunda an ce maka ƙarfen cikin injinka ya fara lalacewa, kada ka jira ƙarshen wannan muhawara. Ka tabbata akwai ƙararrawar kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana da kuma kowane hawa na gidan tun yau, ka duba ranar da ke bayanta, domin ita ma tana da wa'adi, yawanci shekara 5 zuwa 10.

Maman Hanifa (Bradford, Ingila):
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Mu a nan yawancinmu 'yan haya ne kuma tsarinmu daban yake: tukunyar gas ce ke dafa ruwa, ruwan ya zagaya cikin radiyeta, wato ƙarfen da ke fitar da ɗumi, a kowane ɗaki. Doka ta wajabta wa mai gida ya kawo ma'aikacin da ke cikin rajistar Gas Safe ya duba kayan gas sau ɗaya a shekara, ya kuma ba ɗan haya kwafin takardar, don haka duk wadda ba ta ga tata ba ta nema. Gwamnati tana ba da tallafin fam 7,500 a Ingila da Wales ga mai son sa famfon zafi, amma lantarki a nan ya kusa ninka gas sau huɗu a farashi, shi ya sa mutane ke ɗari-ɗari.

Tambayata ga Injiniya ita ce ta fumfuna. Tun da kuɗin gas ya tashi a 2022, mata da yawa da na sani suna kashe ɗumi a wasu ɗakuna, suna shanya wanki a kan radiyeta, suna rufe tagogi, sai bango ya yi baƙi a kusurwoyi kuma yara su yi ta tari.

Injiniya (Toronto, Kanada):
Maman Hanifa, girki da wanka da shanya da numfashin mutane duk suna zuba laima a iskar gida, kuma laimar tana komawa ruwa a duk inda ta tarar da bango ko gilashi mai sanyi. Ɗakin da aka kashe wa ɗumi gaba ɗaya shi ne wurin da za ta taru. Gara a bar shi da ɗan ɗumi, a kunna fankar banɗaki da ta kicin lokacin aiki da ɗan bayansa, a buɗe tagogi gaba ɗaya na minti 5 zuwa 10 safe da yamma kamar yadda Jamusawa suka saba, maimakon a bar taga a ɗan buɗe wuni guda. Idan kuma ruwa ne ke shigowa daga rufi ko bango, wannan haƙƙin mai gida ne, a rubuta masa a ajiye shaida. Radiyetar da ƙasanta ke da zafi samanta da sanyi iska ce ta shige ta, ana fitar da ita da ɗan makulli, sannan a duba agogon da ke nuna matsin ruwan tukunyar ya kasance tsakanin 1 da 1.5 idan ta huce.

A namu ɓangaren matsalar takan juya: iskar gida ta bushe har hanci ya riƙa zubar da jini. Laimar da ke tsakanin kashi 30 da 40 ta wadatar, kuma idan sanyi ya tsananta a rage ta, domin raɓar da ke kan gilashi tana nuna ta yi yawa.

Alhaji Babba (Edmonton, Kanada):
Na gamsu da tsarin haɗa biyun, musamman da yake ko ni na sa na'urar sanyaya gida bayan zafin Yunin 2021, wanda ya kai digiri 49.6 a garin Lytton kuma ya yi ajalin mutum 619 a lardin British Columbia. Tunda dole ne a sayi abin sanyayawa, ƙarin kuɗin da zai mayar da shi famfon zafi ba zai zama asara ba. Amma ina nan a kan bakana cewa kulawa ta fi nau'in injin muhimmanci. A duba matacin iska kowane wata a cikin hunturu, a sauya siririn mataci cikin wata ɗaya zuwa uku, domin idan ya toshe injin yana yin zafi fiye da kima ya kashe kansa. A kira mai gyara tun kaka, ba a tsakiyar Janairu ba lokacin da kowa ke nemansa. Bayan kowace zubar dusar ƙanƙara kuma a zagaya a share bakin fararen bututun nan biyu da ke fitowa ta gefen bango, domin ta nan sabbin injina ke shaƙa da fitar da hayaƙi.

Ɗalibi (Oslo, Norway):
Ƙari a kan na Baba Alhaji: na'urar waje ta famfon zafi a kan ƙafafu ake ɗora ta sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa, kuma ba a sa ta inda ruwan rufi ke ɗiga. Lokaci zuwa lokaci za a ga tana fitar da tururi tana zubar da ruwa, wannan narkar da ƙanƙarar jikinta take yi, ba lalacewa ba ce. Ba a lulluɓe ta da leda, kuma ta fi yin aiki da kyau idan an bar ma'aunin da ke sarrafa ɗumin gida a mataki ɗaya maimakon a riƙa ɗagawa da saukewa da yawa.

Malam Na Kano (Kalgari, Kanada):
Ina da tambaya da ta shafi da yawa daga cikinmu. Za mu tafi gida da iyali a watan Disamba, ba za mu dawo ba sai Janairu ya yi nisa. Shin zan iya kashe injin gaba ɗaya domin a rage kuɗi?

Injiniya (Toronto, Kanada):
Malam, kada ka kashe. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ya isa ya fasa bututun tagulla a cikin bango, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai ƙanƙarar ta narke. Ka bar ma'aunin a kan digiri 15, kada ya gaza 13 ko ta yaya. Ka rufe babban bawul ɗin ruwa da ke ɗakin ƙasa, ka buɗe famfunan sama da na ƙasa su tsiyaye, ka bar ƙofofin ɗakuna da na kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke a buɗe domin ɗumi ya kai ga bututu. Ka sa sabon mataci da sabon batir a ma'aunin kafin ku fita. Sannan ka kira kamfanin inshorarka ka tambayi sharaɗinsu, domin da yawa daga cikinsu suna buƙatar wani ya riƙa shiga gidan a kai a kai lokacin hunturu, in ba haka ba su ƙi biyan ɓarnar ruwa. Wanda za ka ba makulli, ka nuna masa inda bawul ɗin ruwa yake da bututun da zai riƙa sharewa a waje, ka kuma bar masa lambar mai gyaran da ka amince da shi.